BASHIN GWAMNATI DA RUMBUN MANOMI A ƘASAR GANDI

Duk wanda ya zauna a rumfar masu awo a kasuwar Gandi, ko ta Acida, ko ta Goronyo ran Lahadi, ba zai daɗe ba sai ya ji an ɗauko zancen nan da ya zama ruwan dare. Wai ƙasa ta ci bashi har iya wuya, kuɗi sun mutu, noma ba riba, gobe kuma sai ta fi yau muni. Mai awo ya faɗa, ɗan dako ya amsa, akawun ƙaramar hukuma da ya zo sayen kwanon gero ya ƙara da nasa. In kasuwa ta watse, wani ya koma gida da niyyar ya sayar da injin ban ruwansa ya tafi cin rani Kudu. Wani kuwa ya ce tun da kuɗi ba su ajiyuwa, gara ya kashe abin da ya samu tun bai narke masa a aljihu ba.

Zancen akwai gaskiya a cikinsa, ba kaɗan ba. Amma kafin mutum ya yanke wa gonarsa hukunci bisa hirar kasuwa, ya kamata ya san ko nawa ne bashin nan, da ƙofar da ya ke bi ya shigo gidansa, sa'an nan ya san wane yanki na al'amarin ne ya ke hannunsa.

NAWA NE BASHIN

Ofishin da ke lura da basussukan ƙasa a Abuja ya ba da lissafi cewa a ƙarshen 2023 ana bin Gwamnatin Tarayya da ta jihohi naira tiriliyan 97. A ƙarshen 2024 lissafin ya kai tiriliyan 144. Tiriliyan ɗaya kuwa miliyan ce sau miliyan. Ba mai iya riƙe wannan a ka, amma in an raba shi bisa kan mutanen ƙasa, babba da yaro, har da jinjirin da aka raɗa wa suna jiya, ko wanne zai tashi da fiye da naira 600,000. Ba duk ƙarin ne sabon rance ba. Bashin da aka ci da dala, da dala za a biya shi. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a banki, cikin 2024 ta haura naira 1,500, don haka tsohon bashi ya kumbura ba tare da an karɓi ko kwabo ba.

Gwamnati dai ba ta da gona. Daga kuɗin man fetur da haraji da kuɗin fito ta ke biya. Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya faɗa da bakinsa a watan Agusta na 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, cewa sa'ad da ya karɓi mulki, cikin ko wace naira 100 da ke shiga baitulmali 97 wajen biyan bashi su ke tafiya, ya ce kuma an rage su zuwa 68. Ko da an ɗauki lissafin na biyu, mai karatu ya dubi magidancin da zai kai dami 100 gida, masu bin bashi su kwashe 68 tun a bakin rumbu.

Akwai kuma wani bashin da ba a cika ambatarsa a kasuwa ba, shi ne wanda Gwamnati ta riƙa karɓa daga Babban Banki in aljihunta ya bushe. A watan Mayu na 2023 Majalisar Dattawa ta amince a mai da naira tiriliyan 22.7 na irin wannan rance su zama bashi mai dogon wa'adi. Kuɗin nan ba wani ne ya tara su da guminsa ba, ƙirƙiro su aka yi. Ko wace mai tallar nono ta san abin da kan faru in an ƙara wa ƙwarya ruwa: ƙwarya ta cika, amma ludayi ɗaya ba ya ƙosarwa kamar dā. Haka naira ta yi. A watan Disamba na 2024 hukumar ƙididdiga ta ce tsadar kaya ta ƙaru da wajen kashi 35 cikin 100 a shekara guda.

DAGA JIGO ZUWA INJI

Ƙofar da bashin nan ya fi bi ya shiga gidan manomin gabashin Sakkwato ita ce ta fetur, kuma akwai tarihi a bayanta.

Dattawan fadamar Rima da ta gulbin Sakkwato sun san jigo. Mutum ya kafa itace a bakin ruwa, ya ɗaura guga a gefe ɗaya da curin laka a ɗaya gefen, ya wuni yana ɗaga ruwa yana zubawa a kwali. Aiki ne mai karya ƙugu, kuma ɗan lambun da mutum ɗaya zai iya shayarwa bai taka kara ya karya ba. Amma jigo ba ya cin komai sai ƙarfin mai shi. Cikin shekarun 1980, ayyukan raya noma da Bankin Duniya ya ba da rancen yinsu suka yaɗa ƙananan injuna da rijiyoyin bututu a fadamun Arewa, shirin Fadama na shekarun 1990 kuma ya ƙara yaɗa su. Nan da nan noman rani ya canza kama. Wanda a dā ya ke fama da fangali kaɗan na albasa, sai ga shi da eka guda ko biyu na shinkafa, ko alkama, ko tafarnuwa, ko tattasai. Shinkafar Wurno da albasar Goronyo suka ƙara suna har Ikko. Alheri ne babba, ba mai musu. Sai dai tun daga ran nan an ɗaure fadama da igiyar gidan mai, ba tare da kowa ya lura ba, don fetur yana da araha.

Arahar nan kuwa Gwamnati ce ke cika kuɗinta, a ƙarshe ma da bashi ta ke cikawa. Ran 29 ga Mayu 2023 sabon Shugaban Ƙasa ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da a ke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwana biyu ko uku, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mai mota yana iya ajiye motarsa ya hau ta haya. Mai shinkafar rani ba shi da wannan dama, don shinkafa in ta yi ƙishi tana cikin ɗaukar ciki, aikin wata uku ya tafi. Ko Shari'a ta san nauyin ban ruwa, shi ya sa zakkar abin da ruwan sama ya shayar ɗaya ce cikin goma, ta abin da aka shayar da wahala kuwa rabin haka.

Ƙofa ta biyu taki. Cikin 2017, ƙarƙashin shirin da Gwamnati ta ƙulla da ƙasar Maroko, an sa kuɗin buhun takin zamani naira 5,500. Cikin 2024 ya ninka wannan fiye da sau biyar. Wasu sinadaran da a ke haɗa shi da su daga waje a ke sayo su da dala. Yuriya a nan a ke yin ta, a Fatakwal da Ikko, amma kasuwar duniya ce ke yanka mata kuɗi, yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 kuma ya tayar da ita. Ƙofa ta uku ba a ganinta, don abin da ba a yi ba ne: hanyar da ba a gyara ba, malamin gonar da ba a ɗauka ba, asibitin da ba magani.

BA YAU FARAU BA

Masu cewa ba a taɓa ganin irin wannan ba, yawancinsu samari ne. Cikin 1978 Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ranto dala miliyan 1,000 daga bankunan waje, ana ganin kuɗin mai za su biya. Kasuwar mai ta faɗi. A watan Afrilu na 1982 Shugaba Shehu Shagari, ɗan wannan lardi, ya kawo dokar tsuke bakin aljihu. Cikin 1984 mutane suka yi ta bin layi don shinkafa da madara da sabulu, ga kuma fari. Cikin 1985 aka yi ta muhawara ko a karɓi rancen Asusun Lamuni na Duniya, aka ce ba a so, amma cikin 1986 Janar Babangida ya kawo yawancin sharuɗɗan ta wata ƙofa. Aka karya naira, wadda a 1980 ta fi dala daraja, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Cikin 2005, zamanin Obasanjo na farar hula da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, ƙasashen da ke bin Nijeriya bashi suka yafe dala miliyan 18,000, aka biya su wajen miliyan 12,000, aka ce an huta. Ba a cika shekara 20 ba bashin waje ya sake wuce dala miliyan 40,000.

Watau bashin Gwamnati yakan hau, ya sauka, ya sake hawa, manomin Gandi kuma ba a shawartarsa ko a hawan ko a saukar. Ƙuri'arsa ce kaɗai bakinsa a nan, ita ma sau ɗaya a shekara huɗu. Wanda ya sayar da gona ko inji don tsoron wannan bashi, ya saki abin da ke hannunsa saboda abin da ba ya hannunsa. Gonar fadama kuwa in ta fita daga gida, da wuya ta komo.

BASHI IRI BIYU

Ba ko wane rance ne abin zargi ba, kuma shaidar haka tana nan kusa. An gama ginin madatsar ruwa ta Goronyo cikin 1984, aka buɗe ta cikin 1992, amma an daɗe ba a kai ruwanta gonaki yadda aka tsara ba. Cikin 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 495 don gyaran manyan wuraren ban ruwa na Arewa, ciki har da na Bakolori da na tsakiyar kwarin Rima da ke shan ruwan Goronyo. Bashi ne, jikoki za su taya biya. Amma magudanar da ta kai ruwa gona tana haifar da buhunan da za a biya da su, muddin an riƙa yashe ta, manoma kuma suna biyan kuɗin ruwa. Wanda aka ranto aka biya albashi da alawus da shi, shi ne ba ya barin ko sawu.

Darasi mafi ɗaci ga manoman shinkafa shi ne na rancen Babban Banki wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015. Tsarinsa mai kyau ne a takarda. A ba manomi iri da taki da magani da ɗan kuɗin aiki, ruwan bashin kashi 9 cikin 100, in ya girbe ya biya da shinkafa, masu injin casa su saya. An raba fiye da naira tiriliyan ɗaya. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disamba na 2020, shinkafar gida ta yi daraja, a watan Janairu na 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja ana ɗaukar hoto. Da aka zo lissafi a farkon 2023, Asusun Lamuni ya ce wajen kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai aka biya, Babban Banki ya ce a'a, an biya wajen rabi. Ko wanne aka ɗauka, rabi ko fiye bai komo ba.

Dalilan suna da yawa, kuma ba duka ne laifin manomi ba. Wasu ambaliya ta cinye gonakinsu. Wasu kayan ba su iso musu ba sai da lokacin shuka ya wuce. Wasu 'yan bindiga suka kore su daga gona. An kuma sami waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba, sunayensu suka shiga takarda. Amma a faɗi gaskiya, akwai da yawa da suka ɗauki rancen a kan rabonsu ne na arzikin ƙasa, suka sayar da takin a bakin hanya, aka yi aure, aka sayi babur. Suna ganin sun ci banza. To, kuɗin nan daga ƙwaryar nonon da aka ambata suka fito. Wanda ya ƙi biya ya biya daga baya wajen mai awo da gidan mai, ya kuma ja wa maƙwabcinsa da bai karɓi komai ba. Da aka naɗa Olayemi Cardoso shugaban Babban Banki cikin 2023, ya ce bankin ya daina raba irin wannan rance. Yanzu manomin kirki da ke biya a kan kari, shi ma ƙofar ta rufe masa.

HALIN DA GANDI KE CIKI

Kafin a yi wa mutumin Gandi wa'azin tsimi da tanadi, dole a tuna abin da ya gani. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka faɗa wa Tabanni da ƙauyukan da ke kewaye da ita cikin gundumar Gandi, suka kashe fiye da mutum 30. Dubban mutane suka gudo cikin garin Gandi, aka tsugunar da su a makaranta. A watan Oktoba na 2021 aka buɗe wa 'yan kasuwar Goronyo wuta, fiye da mutum 40 suka rasu. Tsakanin waɗannan da bayansu, hare-haren da aka kai ƙauyukan Rabah da Wurno da Goronyo da bakin dajin Gundumi ba su ƙirguwa. Wanda ya baro rumbunsa yana cin wuta ba ya bukatar a koya masa rage cefane. Hakkinsa ne a kan Hukuma ta tsare shi, hakkinsa ne kuma a kan masu hali su fitar da zakka ta isa gare shi.

Abin da ya sa masifar nan ta fi ta 1984 wuyar sha'ani shi ne ta faɗa wa asusun talaka kai tsaye. Bankin manomi tun kaka da kakanni biyu ne, rumbu da turke. In ya sami rara ya sayi ɗan maraƙi ko tunkiya, in ciwo ko biki ya taso ya kai kasuwa. Wannan ajiya ba ta jin tsoron faɗuwar naira, don sa yana tashi tare da kasuwa. Amma ita ce ɓarawo ke fara nema, kuma garke a ƙofar gida yakan sa a san mai shi har a zo a ɗauke shi don kuɗin fansa. Kuɗin takarda kuwa suna narkewa. Waɗanda suka kai nasu banki ma ba su manta da farkon 2023 ba, lokacin canjin kuɗi, sa'ad da mutum ke da dukiya a littafi amma ba shi da abin sayen gishiri, manoma suka yi ta karyar da hatsi ga duk mai tsabar kuɗi a hannu.

Ba wata ajiya guda da ta tsira daga dukan waɗannan. Dabarar da ta rage ita ce a rarraba. Wani abu a hatsi, a ajiye rabinsa wajen amintacce a gari mai tsaro. Wani abu a ƙananan dabbobi da mata ke kiwo cikin gida. Wani a taki da iri da aka saya tun da kaka, sa'ad da kuɗi ke hannu, kafin su tashi. Ɗan abin da ya saura a banki ko adashi.

BASHIN DA KE HANNUN MANOMI

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba a ce kada a ci ba. Abin dubawa shi ne wane iri, kuma da me za a biya.

Mafi muni shi ne falle. Cikin marka, hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, sai magidanci ya je wajen mai hali ya karɓi buhu ɗaya a kan zai biya biyu da kaka, ko ya karɓi kuɗi a kan amfanin da ke tsaye a gona bisa farashin wulaƙanci. Malamai sun daɗe suna cewa buhu ɗaya a kan biyu riba ce. Ban da haramci, rami ne mai zurfafa kansa, don wanda ya biya biyu da kaka rumbunsa zai ƙare da wuri baɗi, ya koma ya karɓi biyu a kan huɗu. Daga nan sai jinginar da gona, daga jingina sai ƙwadago a gonar da ta ke tasa. Maganin falle ba cikin marka a ke neman sa ba, da kaka ne. Kafin a kai ko tiya ɗaya kasuwa, a ƙirga bakunan gida, a ware damman da za su kai iyali har sabon gero, a ɗora na wata guda don tsaro, a rufe wannan rumbu. Biki da suna da sabuwar waya su jira abin da ya ragu.

Na biyu shi ne rancen noman sayarwa, kuma shekarar 2025 ta koyar da darasi a kansa. A watan Yuli na 2024, da kukan yunwa ya yi yawa a birane, Gwamnati ta ɗage kuɗin fito na kwana 150 a kan shinkafa da masara da alkama da wake na waje. Cikin 2025 farashin hatsi ya sauko ƙwarai. Mutanen birni suka yi hamdala. Amma taki da fetur da kuɗin 'yan ƙwadago ba su sauko tare da shi ba, don haka wanda ya yi noma da tsada ya sayar da araha.

Ga misali, don a ga yadda lissafin ya ke. A ce mutum ya ranci kuɗin noman shinkafar rani, a ranar da ya karɓa kuɗin daidai su ke da buhu 10, yana sa ran girbe buhu 30. Yana ganin 20 nasa ne. In farashi ya faɗi da kashi ɗaya cikin uku kafin girbi, bashin da buhu 10 za su biya sai ya ci 15, don mai bashi naira ya ba da, naira zai karɓa. In kuma tsuntsayen jan-baki suka sauka, ko ruwa ya yanke mako biyu, girbi ya tsaya a 20, abin da ya rage masa buhu 5 ne, ladan wata huɗu cikin sauro da taɓo. Saboda haka kafin a sa hannu a takarda, a yi lissafin da mummunar shekara. In bashin zai biyu ko da an sami rabin abin da a ke fata, a karɓa. In sai komai ya tafi daidai zai biyu, a rage shi.

Rage shi kuwa yana nufin rage gona. Wannan yana da wuya ga Bahaushe, don faɗin gona abin alfahari ne. Amma eka ɗaya da ta sami taki da ruwa da noma a kan kari ta fi eka uku da aka shafa wa taki kamar kwalli. Ga gonar tudu, masu bincike a Sadore kusa da Yamai sun nuna cewa ɗan takin da murfin kwalbar lemo zai ɗauka, in an sa shi a gindin ko wace shuka ta gero maimakon a watsa, yana ƙara amfani da kyau, buhu ɗaya kuma ya isa fili mai yawa. Takin gargajiya ma ya dawo da darajarsa. A dā Fulani kan sauka a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, a yi musu alheri da dami. Rikici ya kashe wannan ma'amala a wurare da yawa, kuma asara ce ga ɓangarorin biyu wadda ba a cika lissafa ta ba. Abin da ya rage shi ne kashin awaki da tumaki da tokar murhu da sharar gida, a tara su a rami tun da rani, kada a bar iska ta kwashe.

Kada kuma a zuba duka a shinkafa. Ita ce ta fi shan ruwa, watau ita ta fi shan fetur. Albasa da tafarnuwa suna ajiyuwa a rumfa mai iska har farashi ya tashi da damina, ko da ya ke mai ajiye albasa ya san wani kashi zai ruɓe, ya sa wannan a lissafi. Wake yana zama wata da watanni ba ƙwaro in an ɗure shi a buhun nan mai ciki uku aka ɗaure da kyau, ba sai an zuba masa guba ba. Tun 2023 manoma da yawa sun juya injunansu zuwa gas na girki, wasu sun koma na hasken rana. Na hasken rana yana da tsada a farko, amma ba ya zuwa gidan mai, kuma irin abin da mutum huɗu ko biyar masu gonaki a jere za su haɗa kuɗi su saya ne. In za a ci bashi, irin wannan ya cancanta.

Ɗan kasuwa da akawu su ma suna cikin jirgin. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yuli na 2024, amma tsada ta riga shi isa kasuwa. Akawun da ya jinginar da albashin wata shida don hidimar kwana ɗaya ya yi falle, sai dai nasa da biro aka rubuta. Rancen da a ke tallatawa ta waya, a ba mutum cikin minti biyar, ruwansa ya fi na mai buhu biyu zafi. Mai awo da ke ba da kaya bashi ya tuna jarinsa yana raguwa ko da an biya shi cif, in an daɗe ba a biya ba. Alƙur'ani mai girma, a aya mafi tsawo cikinsa, ya yi umurni a rubuta bashi da wa'adinsa a kafa shaidu, amma har yau yawancin basussukan kasuwa a ka a ke riƙe su, daga nan zumunci ke ɓaci.

Ga waɗanda ke shirin noman rani, watan Oktoba ne lokacin tambaya, tun ba a yi yayyafin iri ba. In wata ƙungiya ko kamfani ya zo da rancen taki da iri, a tambayi ranar da kayan za su iso, da naira za a biya ko da buhu, in da buhu ne wa zai yanka farashi kuma yaushe, sa'an nan me takarda ta ce in ambaliya ko hari ya hana girbi. A sa wanda ya iya karatu ya karanta ta da ƙarfi a gaban mutane. Masu shan ruwan Goronyo kuma su aika shugabannin ƙungiyarsu ofishin Hukumar Kogunan Sakkwato da Rima su ji yawan ruwan da aka tara bana da ranakun da za a sake shi. A farkon 2018 ruwan madatsar ya janye har saura wajen kashi ɗaya cikin goma, a watan Satumba na 2010 kuwa ambaliya ce ta shafe gonaki da ƙauyuka tun daga Goronyo har Sakkwato.